Gwamnati Ta Ce Kai Sifili Ne

"Lafiya ƙalau, ga ni kana gani, ban mutu ba tukuna. Sai ka koma ka ce wa sauran magada su ƙara haƙuri. Cire takalman nan, kada ka kwaso mini ƙanƙara cikin ɗaki."

Da haka mahaifiyata ta amsa gaisuwar jikanta Eilif, wata Asabar a farkon Disamba. Sunanta Torlaug, amma duk tsibirinmu Besta ake ce mata, wato kaka, har faston cocinmu. Ta haura tamanin, kuma bakinta bai tsufa ko kaɗan ba. Ni ce autarta, gwaggon Eilif, ina zaune a kicin ina murza ƙullun biskit, don a gidan Besta idan biskit bai cika kala bakwai ba, to ba a yi Kirsimeti ba. Eilif shi ne mai kula da injin jirgin fiton da ke kai mu birnin Ålesund ya dawo da mu. Duk Asabar yakan kawo mata kifi da madara, ya shigo mata da itace, sannan su zauna su yi ta cin mutuncin juna har kofi ya ƙare. Tun yana koyon magana nake jin su, ban taɓa ganin wanda ya gaji ba.

Ranar dai hankalina ba a kwance yake ba. Budurwarsa Oda, wadda ungozoma ce, ta samu aiki a Tromsø, can ƙuryar arewa, an ce ta ba da amsa kafin Kirsimeti. Shi kuma gogan naku ya ƙi buɗe baki ya yi mata maganar aure. Akwai tsohon bashin da ya ci yana saurayi ya zuba a hannun jari, kuɗin suka nutse, bai taɓa gaya mata ba. Ya yi wa kansa alkawari ba zai nemi aurenta ba sai abin da ya mallaka ya rinjayi abin da ake bin sa. Har wata manhaja yake biya duk wata a wayarsa tana zana masa layin hawa da saukar dukiyarsa, shi kuma yana zaman jiran layin ya haura. Ina ƙaunar yaron nan, amma taurin kansa yana ba ni haushi.

"Magada?" in ji Eilif yana ajiye kifi a kan teburi. "Wa zai yi rigima a kan kujera mai ƙafa uku da kyanwar da ba ta kama ɓera? Ni addu'ata ki daɗe, don kada a ce ni zan kwashe tarkacen nan."

"Ji ɗan nema. Kifin nan na yau ne, ko wanda ya mutu da tsufa?"

"Sa'anki ne. Na ce a zaɓo mini wanda kuka yi makaranta tare."

"To zauna, marowaci. Ka ga kofi nan, kada ka cika sukari, ba kai ka saya ba."

Ya zauna, ya ciro waya ya kife ta kusa da kofinsa.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, ina da ƙara a kanki. An buɗe lissafin haraji, na shiga in ga su wa suka leƙa ni bana. Mutum ɗaya tak. Ko kin san sunanta?"

Kowa ya san yadda abin yake a ƙasarmu. Duk ƙarshen shekara hukumar haraji takan buɗe abin da kowa ya samu da abin da ya mallaka, mai son sani ya shiga ya duba maƙwabcinsa. Abin da ya rage wa tsegumin armashi shi ne, wanda aka duba yana ganin sunan wanda ya duba shi.

"Na san ta," in ji Besta ko a jikinta. "Mace ce mai mutunci."

"Duk shekara sai kin leƙa ni! Ba ki da aikin yi ne? Ki saƙa safa mana kamar sauran tsofaffi."

"Safar da ke ƙafarka uban wa ya saƙa? Na leƙa ɗin. Kuma gwamnati ta ce kai sifili ne. A gurbin dukiya, sifili ne zagayayye, kyakkyawa, kamar ƙwai. Kyauta ta gaya mini, ko kurona ɗaya ban biya ba. Kai kuwa kana biyan wasu yara masu gemu a Oslo kuɗi duk wata don su gaya maka wannan maganar da launi."

"Ba ki gane ba ne. Gwamnati labarin bara take ba ki. Wannan na yanzu-yanzu ne. Hannun jarina, da ajiyar banki, da fansho, da bashin karatu, duk a wuri ɗaya. In na duba sau ɗaya na san inda nake."

"Ni ma na san inda kake. Kana kicin ɗina kana cin biskit ɗin da ba a ba ka ba. Ajiye shi!"

"Wanda ya ƙone ne, taimaka miki nake yi. Saurara ki ji. Manhajar nan ce ta nuna mini cewa wani asusu da na daɗe ina zuba kuɗi a ciki, ladan masu kula da shi yana cinye mini kusan rabin riba. Na canza. Wannan kaɗai ya biya kuɗinta."

"Yaushe ta nuna maka?"

"Tun farkon da na fara."

"Wato ta yi maka aiki sau ɗaya, kai kuma ka ɗauke ta albashi har abada. Mai gyaran famfo ya zo gidan nan ya toshe mini ɗigo, na biya shi ya tafi. Ban ba shi ɗaki ba."

Na yi dariya har garin fulawa ya tashi. Eilif ya harare ni.

"Gwaggo, ke da nake zaton kina bayana."

"Ni biskit nake yi," na ce.

"Ba ladan kaɗai ba," ya ci gaba. "Ta nuna mini na tara kuɗina duka a kamfanonin kifi. In kifi ya faɗi, na faɗi. Ta ce in rarraba."

"Sai da ka biya kuɗi aka gaya maka kifi yana ruɓewa? Ka taso a tsibiri fa, Eilif! Da ka tambayi kyanwar nan."

"Kyanwar nan ba ta iya zana layi ba."

"Layi! Mu ga layin. Miƙo."

Ya miƙa mata. Ta sa tabarau, ta riƙe wayar nesa da fuska kamar wadda aka ba jaririn da ya yi kashi.

"Wannan ai hanyar maye ce daga mashaya zuwa gida. Sama, ƙasa, sama, ƙasa. Me ya faru a nan da ya gangara?"

"Kasuwa ce ta faɗi a Amurka."

"A nan fa?"

"Tayoyin hunturu na saya."

"Ikon Allah. Wato kai da Amurka kuke jan abin. Sau nawa kake dubawa a rana?"

"Sau ɗaya. Ko biyu."

"Maƙaryaci. Na gan ka a coci ranar da aka yi wa ɗan maƙwabta baftisma. Kowa ya sunkuyar da kai yana addu'a, kai ma ka sunkuyar, amma naka kan yana haske daga ƙasa. Na ce a raina, yau jikana ya zama waliyyi."

"Lokacin jirgi nake dubawa."

"Jirgin da kai ke tayar da injinsa? Yaro, mutum ba ya ƙiba don yana hawa sikeli safe da yamma. Sikelin kawai yake gajiyarwa."

"Ke dai hassada kike yi don ba ki cikinta. Na gwada sa ki fa. Sai ta tambaye ni, wannan kadara ce ko bashi? Na rasa abin da zan danna."

"Ja'iri! Ƙugun ƙarfen da likita ya sa mini kaɗai ya fi motarka tsada."

"Gaskiya ne. Shi ya sa na ce wa Gwaggo in ranar ta zo, a bar mini ƙugun, sauran ku raba."

"Sai dai ka mutu kana jira. Na binne likitoci biyu da suka hana ni cin man shanu."

"Akwai wurin da ake rubuta faɗuwar darajar kaya duk shekara. Na sa ranar haihuwarki, wayar ta ɗauki zafi ta mutu."

"Tsoro ta ji. Ta san ba a sa wa irina farashi."

Ta cire tabarau, ta kife wayar a gabanta, ta ɗora tafin hannu a kai. Na san wannan zaman nata, sai na daina murza ƙullu.

"To, attajiri. Yaushe layin zai kai inda kake so?"

"Wane inda nake so?"

"Kada ka raina mini hankali, ni na yi maka wankan farko. Yaushe?"

Ya juya cokali a cikin kofi.

"In kasuwa ba ta yi wasa ba, bazara mai zuwa. Ko ta gabanta."

"Oda kuma kafin Kirsimeti za ta ba da amsa. Manhajar taka ta san da haka, ko wannan sai an ƙara kuɗi?"

"Besta, bar maganar nan."

"Ba zan bari ba. A kicin ɗina nake."

"Ubanta yana da jiragen kamun kifi har uku. In je in ce masa me? Ga ni, ga bashina? Ita kanta ba ta san da bashin ba. Tana zaton rowa ce kawai ke damuna."

"Rowar ma tana damunka, kada ka yi wa kanka ƙarya."

"Ina so in zo mata a tsaye, ba a durƙushe ba. Laifi ne?"

Muryarsa ta canza, kuma tausayinsa ya kama ni. Tun yana ƙarami haka yake, ba ya nuna zanen da ya yi sai ya gama shafa masa launi.

Besta ta kurɓi kofi a hankali.

"Eilif, wa yake kunna mini talabijin in ta rikice?"

"Ni."

"Wa yake biya mini kuɗin wuta a kwamfuta?"

"Ni mana. Ke da kike neman madannin kashewa a bayan allo."

"To mai ilimi, mai layi. Tsohuwar da ba ta iya kunna talabijin ba, ita ce take shiga shafin hukumar haraji duk shekara ita kaɗai, ta rubuta sunanka, ta nemo ka? Ba ka taɓa tambayar kanka wa yake danna mini ba?"

Ya juyo ya kalle ni. Na ɗaga hannuwana masu fulawa.

"Ba ni ba ce."

"Oda ce," in ji Besta. "Tun shekarar da kuka fara. Ta zo nan da kek ɗin tuffa, ta zauna a kujerar da kake kai, ta ce, Besta, ina so in duba jikanki amma ba na so ya ga sunana. Na ce wannan yarinya tana da hankali, mu duba. Ni na sa lambobina, ita ta danna. Muka ga sifili. Ta ce mutum mai albashi irin wannan, ba ya shan giya, ba ya caca, takalminsa ɗaya, amma sifili? Akwai rami a wani wuri. Na ce akwai, na gaya mata zurfinsa."

"Kin gaya mata!"

"Tas. Har sunan sakaran abokin aikin da ya zuga ka."

"Besta! Sirrina ne fa!"

"Sirri? A ƙasar da gwamnati ke shanya wandon kowa a igiya duk Disamba? Tun daga lokacin duk shekara sai ta zo da kek mu duba ka. Mu ga sifilin nan yana nan lafiya, mu ci kek, ta tafi. Bana ma ta zo. Sai dai bana ba ta ci kek ɗin ba."

Kunnuwan Eilif suka yi ja wur.

"Me ya sa ba ta taɓa ce mini komai ba?"

"Ta ce so take ta ji daga bakinka. Ta sa na yi alkawarin yin shiru, na kuma riƙe, ka san kuwa shiru ba sana'ata ba ce. Yau na karya, in ta so ta kai ni ƙara. Kai kana biyan kuɗi kana ɓoye abu, ita ta gani kyauta tun tuni, kuma ba ta gudu ba. Yanzu gaya mini, a cikinku wa aka cuta?"

"Wato duk shekarun nan ina zaginki a banza."

"A'a, ba a banza ba. Ni ma ina jin daɗin kallon."

Ta turo masa wayar da ɗan yatsa.

"Ban san ko abin nan yana kiran mutane ba, ko layi kawai yake zanawa."

"Yanzu? A nan? A gabanku?"

"Da a gaban wa? Buɗe muryar yadda zan ji, kunnena na hagu ya yi ritaya."

"Ba zan yi ba."

"Matsoraci. Kakanka a cikin kwalekwale ya nemi aurena, yana amai saboda igiyar ruwa, amma ya faɗa."

"Don ba ki da wurin gudu ne."

"Shi ne ba shi da wurin gudu. Kira!"

Ya kira. Ya buɗe muryar. Oda ta ɗauka, muna jin ƙarar mota a bayanta.

"Oda, ni ne. Ina gidan Besta. Ina so in gaya miki... ba ni da komai. Ana bi na bashi, tun kafin mu haɗu."

"Na sani," in ji ta. "Sai me?"

"Sai... kada ki tafi. Wato ina nufin, ki aure ni. Kada ki tafi."

Besta ta damƙe hannuna da ƙarfi.

"Sakarai," in ji Oda tana dariya. "Sai yau? Zan aure ka. Amma aikin nan ina son sa, Eilif, kuma zan karɓa. A arewa ma akwai jirage, na tambaya, suna neman masu inji. Za ka zo?"

Eilif ya ɗago ya kalli kakarsa. Ni ma na kalle ta. Duk mun san abin da tafiyar ke nufi, don daga Tromsø ba a zuwa kawo kifi ranar Asabar. Sai a lokacin na gane Besta ta san da wannan tun kafin ta buɗe baki, Oda ta riga ta gaya mata. Ban taɓa alfahari da uwata kamar ranar ba.

"Me kake kallo na?" in ji Besta da ƙarfi. "Ce mata eh, kafin ta dawo cikin hayyacinta!"

"Eh," ya ce. "Zan zo."

Da ya ajiye wayar, sai ya rasa inda zai sa idonsa. Besta ta tashi ta buɗe murhu ta jefa itace, alhali wutar ba ta buƙata.

"Madalla," ta ce tana ba mu baya. "Sukarina zai huta."

"Wa zai riƙa shigo miki da itace?"

"Gwaggonka tana da hannu. Kuma ba ta surutu."

"Wa zai riƙa zaginki?"

"Wannan kam sai dai in yi haƙuri, ba a samun irinka a kanti."

Ya yi dariya yana share hanci da bayan hannu.

"Kin ci, tsohuwa. Yau zan soke manhajar. Kuɗin banza ne, na yarda."

"Wa ya ce ka soke?"

"Ke mana! Tun ɗazu kike..."

"Tun ɗazu kai kaɗai ne, kana ɓuya a bayanta. Yanzu za ku nemi gida, ga nata bashin karatun ga naka, dole wani ya riƙa lura. Tambaya nake: abin nan, mutum na nesa zai iya kallo? A ce daga nan kicin ɗin?"

"Akwai na iyali. Amma ya fi tsada."

"Ni zan biya, shi ne gudummawata ta biki, kada ku sa ran wani abu. Ka sa mini shi a wayata kafin ka tafi, da manyan haruffa, ka nuna wa gwaggonka wurin dannawa."

"Ke? Me za ki yi da layin maye?"

Ta dawo ta zauna, ta tura masa farantin biskit gaba ɗaya, masu kyaun ba ƙonannun ba.

"Hawansa bai dame ni ba, wannan matsalarku ce kai da Amurka. Saukarsa nake so in gani. Duk ranar da na ga ya ɗan gangara, na san ka sayi abinci ka ci."